Ɓuntu, Kara da Ɓawon Gyaɗa: Maganin Ƙara a Majami'unmu

Wannan shi ne jawabin da ɗaya daga cikin ma'aikatanmu na sashen raya karkara ya yi wa fastoci, dattawa, shugabannin zumuntar mata da matasa na ikkilisiyoyin ƙauyukan Dutsin-Ma da Kurfi. Mun buga shi domin waɗanda ba su sami zuwa ba. Muna roƙo a karanta wa jama'a bayan sujada, a kuma tattauna tambayoyin da ke ƙarshe.

   

Zan fara da abin da ya same ni. Wata Lahadi cikin watan Agusta na je sujada a wani ƙauye na ƙasar Kurfi. Majami'arsu sabuwa ce. Sun yi shekaru suna tara baiko har suka gina ta da bulo, suka shafe ta da siminti, suka rufa kwano. Mai wa'azi ya hau bagadi ke nan, sai hadari ya taso, ruwa ya kece. Muna ganin bakinsa yana motsi, muna ganin hannunsa yana sama yana ƙasa, amma ba mai jin ko kalma ɗaya. Aka ƙara lasifika, ƙara ta haɗu da ƙara. A ƙarshe ya rufe Littafi, 'yan kwaya suka yi ta waƙa har ruwan ya ɗauke. Da muka fito, wata tsohuwa ta kama hannuna ta ce, "Ɗana, yau wa'azi na gani, ban ji shi ba." Muka yi dariya. Sai ta ƙara da cewa ko ranar da ba ruwa, tun da aka bar tsohuwar majami'ar jinka, rabin maganar Fasto take kamawa.

Wannan magana ta biyu ita ce ta hana ni barci. Manzo Bulus ya koya mana a Romawa sura 10 cewa ta wurin ji bangaskiya take samuwa. A littafin Nehemiya sura 8 kuma, da aka karanta wa jama'a Shari'a, an yi ta a fili ne yadda kowa zai gane. To, idan mun gina ɗakin da tsofaffinmu ba su jin Magana a cikinsa, aikin ginin bai ƙare ba tukuna.

Me ya sa sabon ɗaki ya fi tsohon ƙara?

Sauti yana tafiya cikin iska da saurin mita 340 a kowane sakan. Idan ya tarar da abu mai tauri mai santsi, kamar bangon siminti, daɓen siminti ko kwano, sai ya dawo, kamar yadda ƙwallo ke dawowa in yaro ya buga ta a bango. Bangon da aka yi wa filasta ba ya shan fiye da kashi 2 ko 3 cikin 100 na sautin da ya same shi. Sauran duk dawowa yake yi. Idan tsawon majami'a mita 17 ne, murya takan je bangon baya ta dawo cikin kashi ɗaya bisa goma na sakan. Ta sake komawa, ta bugi kwano, ta bugi daɓe. Kafin kalmar farko ta mutu, mai magana ya faɗi ta biyu da ta uku. Sai kalmomin su hau kan juna, su cakuɗe. Wannan ita ce amsa-kuwwa, ko ƙugin ɗaki.

Matashi mai kunne garau yakan iya tsince magana daga cikin wannan cakuɗa. Tsoho ba ya iyawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da kashi 25 cikin 100 na mutanen da suka wuce shekara 60 suna fama da raunin ji mai tsanani. Haka nan ƙananan yara da ke koyon karatu, da baƙon da Hausa ba harshensa ba ce. Saboda haka ne a shekarar 1999 hukumar ta ba da shawara cewa a ajin makaranta kada ƙugin murya ya wuce sakan 0.6.

Yanzu ku tuna ɗakin jinka. Ciyawa tana da ƙofofi ƙanana marasa iyaka. Sauti in ya shiga cikinsu sai ya yi ta gogar zaruruwan ciyawa har ƙarfinsa ya ƙare, kamar yadda ruwa ke shiga soso ya tsaya. Ruwan sama ma in ya sauka a kan jinka ba ka jin komai sai ɗan shuu. Soron ƙasa mai azara kuwa nauyinsa ne ke tare ƙarar waje da zafin rana. Kakanninmu da suka yi gini da tubali, azara, zana da asabari ba su karanta kimiyyar sauti ba, amma ɗakunansu suna da sanyi, magana kuma tana fita sarai. Ban ce mu cire kwano ba. Kwano ya raba mu da yoyo da sabunta jinka kowace shekara biyu ko uku. Abin da nake cewa shi ne mu mayar wa ɗakin abin da muka cire masa.

Malamin da ya kwana yana ɗaukar matasan kujera

A shekarar 1895 jami'ar Harvard ta Amurka ta buɗe wani sabon ɗakin lacca. Ɗakin ya yi kyau, amma ɗalibai ba su gane abin da malami ke faɗi, domin kalma ɗaya takan yi fiye da sakan 5 tana yawo. Aka ɗora wa wani matashin malamin kimiyya mai suna Wallace Sabine nauyin gyara shi. Da dare, bayan gari ya yi tsit, sai shi da mataimakansa su kwaso matasan kujeru daga wani babban ɗakin taro na kusa, su shimfiɗa, ya busa sarewar molo irin ta majami'a, ya auna da agogo tsawon lokacin da amon zai ɗauka kafin ya mutu. Kafin safiya su mayar da matasan. Da haka ya gano ƙa'idar da injiniyoyi ke aiki da ita har yau: in ka ninka abin da ke shan sauti a ɗaki, ka rage ƙugin da rabi. Ma'aunin da ya ɗauka shi ne taga a buɗe, domin sautin da ya fita ta taga ba ya dawowa.

Bari in yi lissafin domin malaman makaranta da maginan da ke cikinmu. A ce majami'a tana da tsawon mita 15, faɗin mita 8, tsayin mita 4. In ka ninka su za ka sami 480. Ka ninka da 0.16, ya ba ka kusan 77. Ma'anarsa, in kana so ƙugi ya tsaya a sakan ɗaya, wanda ya dace da wa'azi, kana bukatar abin shan sauti daidai da buɗaɗɗiyar taga mai faɗin murabba'in mita 77. Bango, daɓe, kwano da 'yan tagogin da ke akwai ba za su ba ka fiye da wajen 20 ba. Don haka in ɗakin babu kowa, ƙugi yana kusan sakan 4. Jikin mutum da tufafinsa suna shan sauti, mutum ɗaya kusan rabin murabba'in mita. Ran bikin Kirsimeti da mutum 100 suka cika ɗakin, ƙugi yakan sauko kusa da sakan ɗaya. Amma ran addu'ar tsakiyar mako da mutum 30 kawai suka zo, yana wuce sakan 2. Kun ga dalilin da ya sa ran da muke kaɗan, ran ne magana ta fi wuyar ji. To, in muka sa silin mai shan ko da rabin sautin da ya same shi, murabba'in mita 120 na saman ɗakin zai ƙara mana 60. Shi ke nan, ko ɗakin babu kowa mun kai inda muke so.

Abin da muke da shi a hannu

Ba sai mun aika Legas ba. Ku dubi bayan injin casar shinkafa. Kusan kashi ɗaya bisa biyar na nauyin shanshera ɓuntu ne, kuma tsibinsa ake yi ana cinna masa wuta. Masu noman rani a ƙasan madatsar ruwa ta Zobe, wadda aka gama ginawa a 1983, sun san wannan tsibi. Ɓuntu yana da sinadarin yashi a jikinsa, shi ya sa ba ya saurin ruɓewa, ba ya kamawa da wuta bal-bal, ƙwari kuma ba su cika son sa ba.

Bayan ɓuntu akwai ɓawon gyaɗa, totuwar masara, ƙaiƙayin gero da dawa, karan dawa da na masara, zaren rama, soson da ke hawa danga, ciyawar gamba da muke saƙa zana, da garin katako na wurin kafintoci. Akwai tsofaffin jaridu, littattafan rubutu da yara suka gama da su, da takardar buhun siminti. Duk abin da ke da zare-zare ko ƙofofi, mara nauyi, busasshe, zai sha sauti. Zaren rama yana cikin waɗanda suka fi kyau, har kamfanonin mota na ƙasar Japan suna sa shi a cikin ƙofofin motoci.

Mutanen waje sun daɗe da gane wannan. A 1921 kamfanin Celotex ya fara yin allunan gini da tuƙar rake a jihar Luwiziyana ta Amurka, kuma ba a daɗe ba ya fito da allunan silin masu huda-huda domin rage ƙara a ofisoshi da makarantu. A ƙasar Suwidin, cikin shekarun 1930, aka ƙirƙiro hanyar matse karan alkama da zafi ya zama allo mai suna Stramit, wanda aka yi gine-gine da yawa da shi a Ingila bayan Yaƙin Duniya na Biyu. A garin Arthur na jihar Nebraska, inda itace ke wuya, wata ikkilisiya ta gina majami'arta a 1928 da dammunan karan hatsi da aka matse, aka yaɓe su ciki da waje. Ginin yana nan tsaye. A Senegal kuma, ciyawar kacalla da ta toshe kogi bayan gina madatsar Diama a 1986, irin wadda ta addabi mutanen Haɗeja da Nguru, yanzu ana yanka ta ana yin kayan rufi da tubalin da ke hana zafi. Abin da wani ya ƙone, wani ya mai da shi sana'a.

Amma in ja kunnenmu. Ba duk abin da ya rage a gona ne shara ba. Harawa da karmami abincin dabbobi ne, kada a taɓa su. Kara kuma shi ne danga, shi ne makamashin iyayenmu mata, wanda aka bari a gona kuwa shi ke tare iska da zaizayar ƙasa, ya ruɓe ya zama taki. Kada mu gyara majami'a mu kashe gona. Mu fara da abin da ake ƙonewa a banza: ɓuntu, ɓawon gyaɗa, totuwa, ƙaiƙayi da takarda.

Hanya ta farko: silin zana

Wannan ta fi sauƙi, kuma ita ce ta fi maganin ƙarar ruwan sama da zafin watan Afrilu. Kafinta ya buga katako a ƙarƙashin kwano, a bar tazarar aƙalla kamu ɗaya tsakanin kwano da silin. A ɗaure zana ko asabari mai kauri daga ƙasa. A samansa a jera ƙananan katifu da aka yi da buhun algarara, an cusa musu ɓuntu ko yankakken kara, an ɗinke su kamar katifar ciyawa don kada kayan su taru gefe guda. Kaurin katifar ya kai santimita 5 zuwa 10. Zana tana barin muryar ɗaki ta shige ta mutu a cikin katifa, katifar kuma tana rage ƙarar kwano da zafinsa kafin su sauko.

Kafin a ɗora komai, kafinta ya duba ƙarfin katakon rufin. Ɓuntu ba shi da nauyi a hannu, amma na ɗaki guda yana da nauyi. In katakon siriri ne ko gara ta fara ci, a ƙara tokara, ko a rage kauri. A toshe duk inda kwano ke yoyo tukuna.

Hanya ta biyu: allon bango

Kafinta ya haɗa akwati mara zurfi, tsawonsa ƙafa 4, faɗinsa ƙafa 2, zurfinsa inci 4. A cika shi da zaren rama, soso, ɓawon gyaɗa ko yankakken kara. Kada a danna shi ya yi tauri kamar dutse, kada kuma a bar shi sako-sako. A tare da ragar waya irin ta kejin kaji, sannan a rufe fuskar da buhun algarara ko atamfa. Ga yadda za ku gane yadin da ya dace: ki kara shi a bakinki ki hura. In iska ta wuce, sauti zai wuce. In ba ta wuce ba, kamar buhun leda ko tamfol, bai dace ba. Haka nan kada a shafa wa fuskar fentin mai, domin yana toshe ƙofofin.

A ina za a rataye su? Da farko a bangon baya, wanda ke fuskantar mai wa'azi, domin shi ne ke mayar da murya. Sannan a bangon gefe, daidai tsayin kan mutum a zaune zuwa sama, a warwatsa su, kada a tara su wuri ɗaya. In an bar ɗan fili kamar inci 2 tsakanin allo da bango, zai fi shan murya mai kauri irin ta maza da ta ganga. Bangon da ke bayan bagadi da inda 'yan kwaya ke tsayawa a bar shi yadda yake, domin shi ne ke tura murya zuwa ga jama'a. Kada kuma a rufe ko'ina da ko'ina. Ɗakin da ya mutu murus ba ya daɗin waƙa. Iyayenmu mata na zumunta, na san in aka bar muku zaɓen atamfar, allunan nan za su zama ado.

Hanya ta uku: allon zubi

Wannan ita ce za ta iya zama sana'ar matasa. A yayyaga takarda a jiƙa ta kwana biyu ko uku, a daka a turmi har ta zama kamar tuwo. A dama kokon garin rogo mai kauri, irin wanda ake sa wa tufafi sitaci. Ku fara gwaji da mudu uku na ɓuntu ko dakakken ɓawon gyaɗa, mudu ɗaya na dakakkiyar takarda, da kokon da zai haɗe su. A cuɗa sosai, a zuba cikin akwatin katako mai ƙafa 2 kowane gefe, an shimfiɗa leda a ƙasansa. A ɗora allo a kai, a danne da duwatsu ko bulo ya kwana. Washegari a cire a shanya a wuri mai iska, ana juya shi, har ya bushe ƙarau ciki da waje. Kaurinsa ya kai inci ɗaya da rabi ko biyu.

In ya farfashe a hannu, ƙara takarda da koko. In ya yi tauri da santsi kamar katako, an danne shi da yawa ko koko ya yi yawa, kuma ba zai sha sauti sosai ba. Ku yi guda biyar da haɗi iri-iri, ku rubuta abin da kuka zuba a kowanne, ku zaɓi wanda ya fi. Lokacin wannan aiki shi ne daga Nuwamba zuwa Maris, bayan girbi, sa'ad da kaya suke da yawa, iska kuma busasshiya ce. Wanda aka yi da damina fumfuna zai yi.

Abokan gaba guda huɗu

Ba zan ɓoye muku ba, kayan tsiro suna da haɗari in an yi sakaci.

Na farko wuta. Wannan ce ta fi ba ni tsoro, domin ɗakin da jama'a ke cika ne. Duk wayar lantarki a zura ta cikin bututu, kada ta taɓa zana ko katifa. Kada a rataye fitilar kananzir ko a kunna kyandir kusa da allo. Akwai wani farin gari da ake kira boraks, wanda masu sayar da sinadarai a manyan kasuwanni ke da shi. A narka rabin kilo a lita 10 na ruwan zafi, a tsoma kayan da zanar da buhunan, a shanya. Yana rage saurin kamawar wuta, yana kuma korar ƙwari. A ajiye shi nesa da yara da dabbobi. In ba a samu ba, a tsoma kara da ciyawa cikin tsinkakken ruwan yumɓu a shanya. Duk da haka ku sani, ragewa yake yi, ba hanawa ba. Audugar rimi tana shan sauti ƙwarai, amma tana kamawa da wuta kamar fetur, don haka ban yarda a sa ta ba. Kowace majami'a ta kasance da ƙofa biyu masu buɗewa waje, da bokitin yashi a kusa.

Na biyu gara. Kada allo ya taɓa ƙasa. A ɗaga shi aƙalla mita ɗaya daga daɓe, a kuma sa mutum guda ya riƙa duba bango kowane wata ko gara ta fara gina hanya. Busasshen ganyen darbejiya da muke zubawa a rumbu, a cakuɗa shi a cikin katifu ma.

Na uku laima. Abin da bai bushe ba kada a ɗinke shi. Ɓawon gyaɗar da ya yi baƙi ko yake wari a zubar. Mai aikin ɓuntu da ƙaiƙayi ya ɗaure hanci da baki, masu ciwon asma kuma su nisanci wurin.

Na huɗu ɓeraye da jemagu. A sheƙe kayan sosai kada ƙwayar hatsi ta rage. A toshe tsakanin bango da kwano da ragar waya, iska ta shiga amma dabba kada ta shiga. Ku tuna ɓera ne ke yaɗa zazzaɓin Lassa. A bar wata 'yar ƙofa a silin domin a riƙa leƙawa, musamman kafin damina da bayanta.

Wani zai ce, me zai hana mu sayi silin kanti mu huta? In akwai kuɗi, silin roba da na POP suna rage zafi da ƙarar kwano, amma fuskarsu santsi gare ta, murya tana dawowa kamar daga bango. In kun riga kun sa su, sai ku ƙara allunan bango. In kuma akwai tsohon silin asbesto a makaranta ko majami'a, kada a fasa shi, kada a yanka shi da zarto. Ƙurarsa tana kawo ciwon daji na huhu, shi ya sa Ingila ta haramta shi a 1999, Tarayyar Turai kuma a 2005. Kiret ɗin ƙwai da wasu ke mannawa a bango kuwa siriri ne, amfaninsa kaɗan ne, ga saurin cin wuta.

Shan sauti dabam, tare sauti dabam

Kada mu haɗa abu biyu. Allunan nan suna gyara sautin da ke cikin ɗaki. Ba za su hana ƙarar injin niƙa ko janareta shigowa ba. Abin da ke tare ƙara shi ne nauyi da nisa. A kai janareta nesa, a gina masa katangar ƙasa mai kauri ta ɓangaren da ke fuskantar majami'a, sannan a rataye katifar ɓuntu a jikin katangar daga ciki, nesa da salansa da fetur. Amma kada a taɓa rufe shi ruf, kada kuma a shigar da shi ɗaki. Hayaƙinsa yana ɗauke da gubar da ba ta da wari, tana kashe mutane cikin barci.

Sai maganar lasifika. Matasanmu masu kula da na'ura, ku saurara da kyau. In ɗaki yana ƙugi, ƙara murya ƙara ƙugi ne. Ana auna ƙarfin sauti da ma'aunin da ake kira desibel. Hira ta yau da kullum tana wajen 60. Masana lafiyar ma'aikata sun ce 85 na tsawon awa 8 shi ne iyaka, kuma duk ƙarin 3 yana rage lokacin da rabi. A 100, minti 15 kawai kunne zai ɗauka lafiya. In sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji ka, ƙarar ta yi yawa. Su wa ke zama gaban lasifika? Yaran makarantar Lahadi da jarirai a bayan iyayensu. Jijiyar ji in ta mutu ba ta dawowa. Ɗakin da aka gyara ba ya bukatar ihu. Maƙwabtanmu ma, Musulmi da Kirista, masu jinya da masu jego, za su ji daɗin zama da mu. Wannan ma shaida ce.

Ta ina za mu fara?

Kada ku fara da babbar majami'a. Ku fara da ajin makarantar Lahadi, ko ɗakin karatun manya, ko ɗakin shan magani. Kafin ku taɓa komai, ku yi gwaji biyu. Mutum ɗaya ya tsaya tsakiyar ɗaki ya tafa hannu sau ɗaya da ƙarfi, ku saurari tsawon amon. Sannan wani ya tsaya gaba ya karanta kalmomi 20 da ba su da alaƙa da juna, ba tare da lasifika ba, tsofaffi uku a bencin baya su maimaita abin da suka ji, a ƙirga. Bayan an sa silin ko alluna a sake gwajin. Gani ya kori ji, amma a wannan aiki ji ne alƙali. Masu babbar waya za su iya sauke manhajar auna desibel kyauta. Ga kuma Jami'ar Tarayya da aka kafa a Dutsin-Ma a 2011, ga Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita. 'Ya'yanmu da ke karatun kimiyya a can suna neman abin da za su yi binciken kammala karatu a kansa. Ku gayyace su su auna allunanku, su gaya muku haɗin da ya fi.

Kuɗin da za a kashe na katako ne, ƙusa, ragar waya, buhuna da ladan kafinta. Sauran aikin gayya ne. Bayan girbi kowane gida ya kawo buhu ɗaya na ɓawo ko ɓuntu. Dattawa su saƙa zana, su koya wa yara, domin masu iya saƙar suna raguwa. Mata su ɗinka katifu. Matasa su yi zubi da ɗauri. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ku tuna da abin da ke Yohanna sura 6. Bayan da taron mutane suka ci suka ƙoshi, Ubangiji ya sa almajirai su tattara gutsattsarin da ya rage domin kada a yi asara, har suka cika kwanduna 12. Mu ma Allah ya ciyar da mu daga gonakinmu, ga ragowar nan a jibge muna cinna mata wuta, hayaƙin yana shiga ƙirjin 'ya'yanmu. Mu tattara ta. Fatana shi ne damina mai zuwa, in ruwa ya sauko ana tsakiyar wa'azi, Fasto ya ci gaba da maganarsa, tsohuwar nan kuma ta koma gida ta gaya wa jikokinta abin da ta ji.

 Ubangiji ya sa albarka a aikin hannuwanmu, ya mai da kowa gida lafiya. Amin.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Su wane ne a ikkilisiyarmu ba su jin wa'azi sosai? Mun taɓa tambayarsu? A ina suke zama?
2. Waɗanne ragowar amfanin gona ake ƙonewa a ƙauyenmu, waɗanne ne kuma dabbobi, murhu da gona ke bukata?
3. Wa ya iya saƙar zana da asabari a cikinmu? Wa zai koya daga wurinsa bana?
4. In wuta ta tashi a majami'armu ana cikin sujada, ta ina jama'a za su fita?
5. Wane ɗaki za mu fara gwaji da shi bayan girbi, wa kuma zai ɗauki nauyin duba shi kowane wata?